Tsohon lensi na hannu ko zum? Yadda za ka ɗaura gilashin zamanin fim a kyamararka ba tare da ka yi asarar kuɗi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto. Tun randa na saka hotunan wani kamu da munka yi a Badariya nan Birnin Kebbi wayata ba ta huta ba, kowa tambayarshi ɗaya, wai "oga ka sai sabuwar kyamara ne?" Wallahi ban sai komai ba, tsohuwar Canon 600D ɗin nan ce dai da kunka sani wadda robar jikinta ta fara ɗaye wa, abin da ya canza kawai gilashin da ke gabanta ne, kuma gilashin ya girme ni. Helios 44-2 ne, 58mm f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyet, na tarar da shi maƙale jikin wata kyamarar Zenit cikin durowar wani dattijo da ya yi situdiyo tun zamanin fim da ɗakin duhu. Da na ce ya sai min sai ya yi dariya ya ce "ɗana, wanga ba shi da inji fa, da hannu ake murza shi, ku da kunka saba danna maɓalli ina za ku iya?" Na ce Baba a dai ba ni in gwada. To gwajin ne ya kai ni shekara ta uku yanzu, shi ya sa na ce bari in rubuta komai wuri ɗaya in huta da amsa saƙo ɗaya-ɗaya.

Bari in faɗi matsayata tun farko kada wani ya je ya sai da zum ɗinshi ya ce ni na sa shi. Tsohon lensi na hannu na aikin natsuwa ne, wato amarya a zaune, hoton fuska, ɗaki mai duhu, hira ta bidiyo. Zum kuma, wato lensin da ke jawo hoto kusa ko ya tura shi nesa, na aikin gudu ne. Duk biyun suna cikin jakata kullum, abin da za ka koya shi ne lokacin da za ka ciro kowanne.

To me ya sa ma mutum zai wahal da kanshi? Lissafi ne. Zum ɗin da ke zuwa da kyamara, 18-55mm, an rubuta mishi f/3.5-5.6, ma'ana in ka jawo shi zuwa 55mm ƙofar haskenshi ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Lambobin nan kuwa jere suke, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma duk mataki ɗaya da ka hau haske ya ragu da rabi. Daga f/2 zuwa f/5.6 mataki uku ke nan, wato Helios ɗina na shigo da haske ninki 8 na abin da zum ke shigowa da shi, in kuma 50mm f/1.8 ne kusan ninki 10. A aikace, ɗakin amaryar da zum zai tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 6400 hoto ya fito da yashi-yashi kamar an watsa mishi tsaki, ni ISO 800 nake ɗaukar shi fes. Ga kuma bayan hoto da ke narkewa, labulen da bai da kyau da tarin akwatuna da kan 'yan kallo duk su koma dishi-dishi, amarya kaɗai ta fito. Wannan shi ne abin da mutane ke gani su ce sabuwar kyamara ce.

Mataki na farko, kuma nan ne kuɗi ke ɓacewa: san bakin kyamararka, san bakin lensi

Kowane kamfani da irin bakin da yake ɗaura lensi, wannan kowa ya sani. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kowane baki yana da tazarar da anka ƙera shi da ita, daga bakin ƙarfen zuwa inda fim ko sensa take, wato ɗan farantin da ke kama hoto a kyamarar zamani. In lensi bai zauna daidai wannan tazarar ba, ba zai ga nesa ba. Dokar guda ce: tazarar lensi ta fi ta kyamararka tsawo, sai adafta, wato zoben da ke haɗa lensi da kyamara, ta cike ragowar. In ta lensi ce gajera, babu inda za ka tura shi ciki, madubin da ke cikin kyamara na nan.

Ga lambobin, ka kwafe su a waya. Canon EF, wato su 600D, 700D, 80D, 5D, tazararta 44mm. Nikon F 46.5mm. M42 da Pentax K duk 45.46mm. Olympus OM 46mm. Contax da Yashica 45.5mm. Minolta MD 43.5mm. Canon FD 42mm. Su kuma marasa madubi gajeru ne ƙwarai, Sony E 18mm, Fuji X 17.7mm, Canon RF 20mm, Nikon Z 16mm, su Lumix da Olympus na zamani kuma 19.25mm.

Yanzu duba da kanka. Mai Sony a6000 ko Fuji ko Lumix ya more, duk tsohon lensin da na lissafa zai hau mishi da adafta wadda bututun ƙarfe ce kawai babu gilashi ciki. Mai Canon DSLR, wato mai madubi, irina zai ɗauki M42, Nikon F, Olympus OM, Contax da Yashica, da Pentax K, amma ba zai ɗauki Minolta MD ba, kuma abin haushi ba zai ɗauki Canon FD ba duk da sunan gida ɗaya ne, saboda a 1987 Canon ta watsar da bakin FD ta koma EF. Ni nan an yi min wannan. Wani ya turo min hoton 50mm f/1.8 a WhatsApp, na ga an rubuta Canon ɓaro-ɓaro, na tura kuɗi, anka sako min shi a mota, ranar da ya iso na juya na juya ya ƙi shiga. Na ƙara kuɗi na sai adafta mai ɗan gilashi a ciki wadda ake cewa tana gyara tazarar, hoto ya fito kamar an shafa wa lensin man shanu, sai na tsuke zuwa f/5.6 yake ɗan yin kaifi, to in f/5.6 ne ai ina da zum. Yana nan ajiye har na samu wani ƙanena mai Sony na ba shi, a wurinshi kuwa ras yake aiki.

Mai Nikon DSLR shi ne ya fi takura, tunda tazararshi ta fi kusan ta kowa tsawo, M42 zai hau amma ba zai ga nesa ba sai da adafta mai gilashi. Sai dai shi ma Allah ya ba shi nashi rabon, bakin F tun 1959 yake, don haka tsofaffin Nikkor na hawa kai tsaye ba adafta. Ka nemi masu AI ko AI-S, wato daga 1977 zuwa sama, za ka gane su da layi biyu na lambobin ƙofa a zoben baya da kuma huji a jikin 'yan ƙahonin ƙarfen nan biyu. Waɗanda sunka girmi AI kada ka tura su da ƙarfi a D7000, D7100, D610 ko D750, suna iya karya ɗan harshen da ke gefen baki.

Wani gargaɗi ga masu Canon babbar sensa irin 5D da 6D, wasu lensoshin bayansu na leƙowa ciki in ka kai fokas, wato saitin kaifin hoto, nesa, madubi ya buge su, kuma sandar ƙofar Pentax K ita ma tana taɓa madubi. A ƙananan sensa irin 600D babu wannan matsalar.

Gane baki da ido ba wuya. M42 zare ne da shi, murɗa shi ake kamar murfin kwalba. FD an rubuta FD a gaba, tsofaffin na da zoben azurfa a gindi. Minolta za ka ga MC ko MD Rokkor, Olympus za ka ga Zuiko. Inda ake ruɗewa su Vivitar, Tokina, Soligor da Sigma, don su kowane baki suna yi, sai ka duba gindin ko an buga PK, N/AI, C/FD, M/MD ko O/OM. Duk mai sayarwa da ya ƙi turo maka hoton gindin lensi, ka riƙe kuɗinka.

Mataki na biyu: wane tsawo za ka saya

Nan kada ka manta sensarka ƙarama ce a kan fim. Canon mai ƙaramar sensa ka ninka tsawon lensi da 1.6, Nikon da Sony da Fuji 1.5, Lumix 2. Wato 50mm a 600D yana gani kamar 80mm, Helios 58mm kamar 93mm. Don hoton fuska da rabin jiki wannan shi ne daidai, amma a ɗakin amarya irin namu da gado da sif da kujeru sunka cinye fili, za ka ja baya har bayanka ya bugi bango ba ka samu tsayuwarta duka ba. Shi ya sa na biyun da za ka nema 28mm f/2.8 ne ko 35mm, su ne ke zama kamar idon mutum a ƙaramar sensa. Na uku in da hali 135mm f/2.8 ko f/3.5, suna da yawa a kasuwa kuma da wuya ka samu marar kyau.

Fara da 50mm. Kowane kamfani ya ƙera shi da yawa tunda shi ke zuwa da kyamarar fim, su Pentax K1000 da Canon AE-1 da Yashica, shi ya sa ya fi araha kuma ya fi kaifi. Pentax-M 50mm f/1.7, Super Takumar 55mm f/1.8, Nikon Series E 50mm f/1.8, Zuiko 50mm f/1.8, duk wanda ka samu mai lafiya ka ɗauka. Abin da ban ba ka shawara ba shi ne neman mai faɗi sosai a tsofaffi, 18mm ɗin zum ɗinka ya fi maka sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Tsohon zum fa, irin dogayen nan 70-210 ko 80-200 da ake turawa gaba a jawo baya? Mafi yawansu ka bar su. Gilasai sun yi yawa a ciki, shafin hana ƙyalli na lokacin bai kai na yanzu ba, ga nauyi, ga duhu, in ka sunkuyar da kyamara ya zame da kanshi. Zum na ɗaya daga cikin abubuwan da zamani ya gyara da gaske. Akwai 'yan tsiraru masu suna kamar Vivitar Series 1 70-210mm f/3.5 da Minolta MD 35-70mm f/3.5, amma ba da su ake fara koyo ba.

Kuma gaskiya ɗaya, in kana da Canon DSLR kuma kuɗinka ya kai 50mm f/1.8 STM mai fokas da kanshi, saye shi ka huta, hasken ɗaya ne. Na hannu na wanda aljihu bai kai ba ne, ko mai bidiyo, ko mai son irin launi da murɗewar bayan da Helios ke yi wadda sabbin ba su yi.

Mataki na uku: duba shi kafin ka biya

Cire murfi gaba da baya, buɗe ƙofa duka, kunna tocilan waya ka haska ta baya kana leƙe ta gaba a karkace, ba kai tsaye cikin ido ba. 'Yar ƙura ƙwaya-ƙwaya ba komai ba ce, babu tsohon lensin da ba shi da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo ko jijiyar ganye tana tasowa daga gefe, da kuma hazo, wato gilashin ciki ya yi fari-fari kamar sararin Argungu a tsakiyar hunturu. Hazo ya fi ƙarzuwa ɓata hoto. 'Yar ƙarzuwa a gilashin gaba da sauƙi, a na baya kuwa matsala ce.

Sai ka murza zoben ƙofa daga farko zuwa ƙarshe kana kallon ganyayyakin ƙarfen ciki. Su zama busassu, in ka ga suna sheƙi kamar an shafa mai to giris ya malalo, za su riƙa maƙalewa. A M42 da yawa, ban da irin su Helios 44-2, akwai ɗan tsinke a gindi, danna shi da farce ka saki, ƙofar ta rufe ta buɗe nan take ba jan ƙafa. Zoben fokas kuma ya tafi sumul, ba sako-sako ba, ba kuma sai ka yi kokawa ba. Girgiza shi kusa da kunne, in wani abu na ƙara sosai a ciki ka ajiye.

In ka ga Super Takumar 50mm f/1.4 gilashinshi ya yi ruwan ɗorawa kada ka tsorata, wasu daga cikinsu an haɗa gilashin da sinadarin toriyam ne, shi ke rinewa da daɗewa, kuma hasken rana na rage shi a hankali. Ko ba ka yi komai ba saitin farin launi a kyamara na gyara shi.

Inda ake samu kuwa, fara da tsofaffin masu situdiyo na garinku, Jega, Yauri, Zuru, Gusau, Kaura Namoda, babu garin da ba shi da dattijon da ya ajiye kyamarar fim a akwati. Ka je da ladabi da 'yar tsaraba, kuma ka biya shi haƙƙinshi kada ka ce ai bai san darajarshi ba. Bayan nan sai Jiji da Facebook da eBay. In da hali tafi da kyamararka da adafta ka gwada a wurin.

Mataki na huɗu: ɗaurawa da saiti

Sunan adafta baki biyu ne, na lensi sannan na kyamara, misali M42-EOS, M42-NEX na Sony, FD-NEX, PK-FX na Fuji. Sai ta ƙarfe, kada ta yi lilo. In M42 ɗinka na da tsinke amma ba shi da ɗan makunnin A da M a gefe, nemi adafta mai leɓe a ciki wanda ke danne tsinken nan, in ba haka ba ƙofa za ta zauna a buɗe ko ka murza zobe. In yana da makunnin, kai shi M shi ke nan. Masu Canon DSLR akwai adafta mai 'yar cif da ke sa kyamara ta yi ƙara in fokas ya zauna, tana taimako amma kada ka dogara da ita ɗari bisa ɗari.

Ɗaura adafta a jikin lensi tukuna, sannan ka kashe kyamara ka ɗaura su tare. Da yawa cikin marasa madubi za su ƙi ɗauka don suna zaton babu lensi, sai ka shiga menu, a Sony ka nemi "Release w/o Lens" ka kunna, a Fuji "Shoot Without Lens", a Canon M da R "Release shutter w/o lens". Canon DSLR ba ta buƙatar komai, za ta nuna F00 kawai, ba lalacewa ba ce. Nikon D7000 zuwa D7200 da D610 da D750 ka shiga "Non-CPU lens data" ka rubuta tsawon lensi da ƙofarshi, mita mai auna haske za ta yi aiki. D3000 da D5000 da 'yan gidansu kuwa saitin M kawai, wato kai ke saita komai da hannu, babu mita, da ido za ka auna. In bodinka, wato jikin kyamarar, na da abin hana rawar hannu a ciki, kamar Sony a6500 ko a7 II, gaya mata tsawon lensin da hannu, in ka bar ta a 50 ka ɗaura 135 sai ta ƙara ɓata maka hoto.

Mataki na biyar: haske

Sa kyamara a Av ko A, kai ka zaɓi ƙofa a zoben lensi, ita ta zaɓi shota, wato saurin ɗauka. Ko M in ka saba. A Canon DSLR mitar na ɗan yin ƙarya in ka tsuke ƙofa, don haka ɗauki ɗaya ka duba kafin ka ci gaba. Shota kada ta sauka ƙasa da 1/100 da 50mm a ƙaramar sensa, 135mm kuma 1/250, tunda babu abin hana rawa a jikin lensin.

Mai Nikon da ba mita ga tsohuwar dabarar masu fim, Baba ne ya koya min ita: rana tsaka tar, ISO 100, shota 1/100, ƙofa f/16. Inuwar bishiya ko rumfa ka buɗe zuwa wajen f/5.6 ko f/4. Daga wannan lissafin za ka gane wani abu, in kana son f/2 da azahar a ranar Kebbi shota 1/6400 kake buƙata, su 600D kuwa 1/4000 sunka tsaya, farar shaddar ango za ta ƙone fat babu zare ko ɗaya. Ko ka tsuke zuwa f/2.8, ko ka sa baƙar filta ta ND, ko mafi sauƙi ka ja mutanenka inuwa. Filash kuma ka mai da shi na hannu, fara da 1/16 na ƙarfinshi ka ƙara ko ka rage.

Masu bidiyo, firem 25 da shota 1/50, don wutarmu 50Hz ce, in ka saɓa sai ka ga fitilun hol na rawa a hoto.

Mataki na shida: fokas, inda ake gane wanda ya yi haƙuri

Kafin komai gyara ɗan gargaren da ke gefen tagar leƙe har rubutun ciki ya fito maka tar, mutane da yawa na zargin lensi alhali nan ne matsalar.

Ka san sirantar abin da kake nema. Da 50mm a f/1.8, mutum na nesa da kai mita 2, wurin da zai fito da kaifi bai wuce kusan santimita 11 ba, tsawon ɗan yatsa da ɗan ƙari. In fokas ya zauna a kan hanci ko ɗankunne, ido ya tafi. Don haka kullum ido, kuma idon da ya fi kusa da kai.

Tsarin shi ne buɗe ƙofa duka, saita fokas, tsuke zuwa inda kake so, ɗauka. Helios 44-2 an yi shi don haka ne ma, zobe biyu ne da shi a gaba, ɗaya mai ƙas-ƙas da kake ajiye iyaka, ɗaya mai sulɓi da kake buɗewa ka rufe da yatsa ɗaya ba tare da ka cire ido ba. A DSLR tagar leƙe ba a yi ta don fokas na hannu ba, za ta nuna maka kamar ya zauna alhali bai zauna ba, saboda haka kunna sikirin, kai akwatin kan ido, danna maɓallin ƙara girma zuwa 5x ko 10x, murza har gashin ido ya rabu ɗaya-ɗaya. Mai Nikon na da ɗigon kore a ƙasan taga. Marar madubi kuma ka kunna fikin, wato launin da ke bin gefen abin da ya yi kaifi, ka sa shi ja ko rawaya a matsakaici, amma a f/2 shi ma yana yaudara, ƙara girma ya fi gaskiya.

Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce in fokas ya kusa zama sai in bar zobe, in riƙa ɗan rusunawa gaba da baya da jikina kaɗan-kaɗan, in ɗauki uku a jere. Ɗaya zai zauna. Kuma kada ka ce dole sai f/1.8 don ka biya kuɗinshi, yawancin tsofaffin nan a buɗe duka suna da laushi, leshi mai duwatsu da sarƙar gwal za su yi wani shuɗi-shuɗi ko jaja-jaja a gefe. Tsuke zuwa f/2.8 ka ga yadda zanen lalle zai fito har da inda mai ƙunshi ta ɗaga hannu.

Hoton taro kuwa f/5.6 ko f/8, babu ciniki. Na taɓa ɗaukar amarya a zaune da iyaye mata tsaye bayanta a f/2 don ɗaki ya yi duhu, amarya ta fito kamar a taɓa ta, Hajiya uwar amarya kuwa ta narke tare da labule. Da na kai albam ta daɗe tana kallo sannan ta ce "ɗan nan, ni ina nake a nan?" Ban da amsa, rangwame na yi.

Abu mai motsi kada ka bi shi da zobe, tare shi za ka yi. Zaɓi wuri a ƙasa inda amarya za ta taka in ana shigo da ita, saita fokas nan, tsuke f/4, jira ta iso ka danna. Don kasuwa da titi kuma 28mm a f/8, ajiye zoben a mita 5, komai daga wajen mita 2.5 har ƙarshen gani zai fito, ba ka sake taɓa fokas ba. Layukan nan masu lambobi biyu-biyu a jikin lensi aikinsu ke nan, suna nuna maka daga ina zuwa ina ne kaifi, alamar 8 a kwance kuma ita ce nesa. Sai dai don fim anka zana su, a ƙaramar sensa in kana f/8 ka karanta layin f/5.6.

Kada ka fara koyo a bikin mutane. Ba kanka sati biyu a gida, jera kwalaben lemo biyar a tsakar gida kowace ta ɗara wata nisa, ka riƙa zaɓar ɗaya kana kamawa, in ka iya sai yara suna wasa, in ka iya sai awaki. Wanda ya kama idon akuya a f/2.8 amarya ba za ta gagare shi ba.

Ranar aiki

Ga yadda nake rabawa. Kwalliya, lalle, zobe, amarya ita kaɗai, ango da amarya, hira da dattawa a zaure, duk na hannu. Da an ce za a fara liƙi, ko an taso rakiya, ko yara sun cika fili, zum ya hau. Hawan sallah in dawakai sunka taso a guje ƙofar fadar Sarkin Gwandu, ko bikin kamun kifi na Argungu lokacin da masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, dubban mutane cikin daƙiƙa kaɗan, nan ba wurin murza zobe ba ne, kuma ba za ka iya matsawa gaba ko baya ba don jama'a sun matse ka, 55-250 ko 70-300 mai fokas da kanshi shi ne abokin tafiya. Bayan an fito ne, masunci na zaune yana huci da giwan ruwa a gabanshi, nan 50mm ko 135mm ke cin kasuwarshi.

Akwai dalili na biyu da ke sa zum ya yi nasara a irin wuraren nan, ƙura. Duk sanda ka cire lensi sensa na shaƙa, musamman marar madubi da sensarta ke tsirara. In dole ne ka canza, kashe kyamara, juya wa iska baya, kifa bakin ƙasa, sabon lensi na hannunka a shirye kafin ka cire tsohon, ko ka yi cikin jaka ko cikin mota. Mai bodi biyu ya huta, ɗaya zum ɗaya 50mm.

Rana in tana gabanka tsofaffin nan na wanke hoto ya yi fari, musamman waɗanda sunka girmi shafi mai ninki irin SMC da Pentax ta fito da shi a 1971. Sa mishi hula, Helios 44-2 bakinshi 49mm ne, in babu ko baƙin kwali ka naɗa da roba, ko ka kare da tafin hannu. Wani lokaci da yamma wajen ƙarfe biyar da rabi ina barin hasken ya shigo da gangan don amare na son wannan ruwan zuman.

Ajiya kuma kashi biyu ce a wurinmu. Da bazara, Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar jaka cikin mota a rufe ko but ɗin mashin, giris zai narke ya gangaro kan ganyayyakin ƙofa. Da damina kuma fumfuna ce abokiyar gaba, kada ka ajiye shi cikin jakar fata a ƙarƙashin gado, sa shi a roba mai murfi da 'yan ƙullin silika irin na kwalin takalmi, ka riƙa fito da shi yana shan haske da iska. Wanda ya riga ya kamu ka ware shi daga sauran. Gogewa kuma hura da famfon iska tukuna sannan ƙyalle mai laushi, in ka goga da bakin riga ƙurar hunturu na kai to yashi ka murza a gilashi.

Abu na ƙarshe, kyamara ba za ta rubuta ƙofar da ka yi amfani da ita a bayanan hoto ba tunda ba waya tsakaninsu, don haka a makonnin farko ka riƙa rubutawa a waya, hoto kaza f kaza, in ka zauna editin da dare ka san wanne ya ba ka me. Wanda ya samu lensi bai gane bakinshi ba ya ɗauki hoton gindin da rubutun gaban a wuri mai haske ya nuna wa wanda ya sani kafin ya tura ko sisi.